Tirelar Naziru Mai Walda

Kukar Dabo,
Ranar Asabar, farkon kaka.

Zuwa ga yayata Ramlat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam da yara. Ya ƙafar Halimatu, kumburin ya saɓe? Ya ɗalibanki? Mu nan lafiyar jiki dai alhamdu lillahi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Yaya, kin san gidanmu. Katangar da ta raba sashenmu da na surukata Inna ko kafaɗata ba ta kai ba, duk abin da na faɗa a waya sai ya faɗa kunnenta, ya wuce har ɗakin Luba, matar ƙanin maigidana. Shi ya sa na rubuta, gobe in ba direban da ke lodin Kano daga kasuwar Ɗambatta.

Tun zuwanki ta'aziyyar Munir, ƙanin maigidana Abban Rumaisa, ba mu zauna mun yi magana ba, kuma ranar taro ya yi yawa ban ba ki labarin yadda abin ya faru ba. Munir ya je Watari ne ɗauko ɗanyar masara a Golf ɗinsa, kamar yadda ya saba duk damina. A hanyar fitowa, a wata kwana da ke saman gaɓar magudanar ruwa, motar ta ƙi juyawa, ta miƙe ta faɗa gonar da ke ƙasa. Shi kaɗai ne a ciki. Manoman wurin ne suka ciro shi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Wannan mun karɓa, Allah ya jiƙansa. Abin da ya biyo baya ne ya hana ni sukuni.

Motar tana can har yau, hancinta a laka, ƙafafun gaba sun karye sun shige ciki, don haka ba ta jawuwa da igiya. An kira mai janwe, motar nan da ke janyo motocin da suka yi hatsari, ya zo ya dubi 'yar siririyar hanyar da ta ratsa gonakin, ya ce motarsa ba za ta shiga nan ba, ya juya abinsa. Mai gonar kuma, wani dattijo Malam Mika'ilu, ya aiko cikin mutunci cewa da ruwa ya ɗauke zai dasa tumatir, a taimaka a kwashe masa ita. Bayan sadakar arba'in Baffa Sani, ƙanin mahaifinsu, ya ce a kira 'yan gwangwan su yayyanka ta a can, kowa ya huta. Duk aka ce haka ne. Ban da Abban Rumaisa.

Lahadin da ta biyo ya tafi Ɗambatta, sai ga shi da yamma an sauke masa tsofaffin ƙarafa a ƙofar gida: dogayen sanduna masu kauri, sifirin na tsohuwar bas, tayoyi huɗu, da aksul biyu, wato ƙarfen nan da ƙafafun mota ke maƙale a jikinsa. Na tambaye shi ko amalanken shanu aka ba shi aiki. Ya ce a'a, tirela zai ƙera, gajeriya mai kusa da ƙasa, siririya yadda za ta bi hanyar gonakin nan, a ɗora motar Munir a kai a kawo ta gida.

Tun daga ranar ya rufe shagonsa na bakin titi. Ya kwaso janareta da injin walda ya kafa su a gindin darbejiyar ƙofar gida. Daga an sallame asuba sai ƙarar yankan ƙarfe, har a kira magariba. Ki tuna Luba matar Munir tana takaba a cikin gidan nan, ba ta fita ko'ina, wannan ƙarar ce a kunnenta wuni guda, kuma ta san abin da ake ƙerawa. Ɗanta Jamil da ya fara tafiya kullum sai an kamo shi daga zaure, tartsatsin wuta yake son zuwa kallo.

Geronmu ya nuna, Yaya. Na maƙwabta duk an yanke an ɗaure, namu ne kaɗai a tsaye tsuntsaye na biki. Na yi masa magana, ya ce gobe. Goben nan har yau ba ta waye ba.

Inna kuwa sau ɗaya ta tanka. Ta fito zaure da mayafinta, ta tsaya daga ciki ta ce, "Naziru, motar nan kada ta shigo mini gida." Ya ɗago ya ce, "To, Inna." Tana juyawa ya mayar da gilashin waldarsa ya ci gaba. Ban taɓa ganin ya ce wa mahaifiyarsa to da baki ba, hannunsa kuma yana yin wani abu daban.

Abinci yadda na kai haka nake ɗauko shi, sai ɗan gefen da ya taɓa don kada in yi magana. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na yi zaton baƙin ciki ne irin na kowa, yanzu kuwa ina jin akwai abin da ban sani ba. Don Allah kada ki gaya wa Baba tukuna, kin san hawan jininsa. Ki dai ba ni shawara.

Ki gaida Malam da yara. Rumaisa na gaishe da Antinta.

Taki har kullum,
Sakinatu.

*

Kukar Dabo,
Ranar Asabar.

Yaya Ramlat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar kewa, da fatan kowa lafiya. Amsarki ta iso, da zumar da kika aiko, Allah ya saka da alheri. Kin ce in yi haƙuri in bar shi, wai namiji da hannunsa yake kuka. Na bi maganarki. Geron ma ƙannensa na ɗakin Baffa suka taru suka yanke mana. Sai dai yanzu na san abin da ke cinsa, kuma da ma ban sani ba.

A gidan suna na ji, can unguwar gabas. Na shiga ɗaki ajiye mayafi, mata biyu na hira a bayan labule ba su san na shigo ba. Ɗaya ke cewa ai walda ce ta kashe yaron nan, waldar yayansa. Wai ana saura 'yan kwanaki hatsarin wani ƙarfe da ke haɗa sitiyari da ƙafar gaba ya tsage, makanikai na ce masa tayarod, maimakon a sayi sabo sai Naziru ya liƙe masa shi. Ɗayar ta ce shi ya sa mijinta ya je ya karɓo ƙarafan amalankensa da ya kai shagon, ya kai wa wani a Ɗambatta. Ban san yadda na fito daga gidan ba. Ko shinkafar ban ci ba.

Ashe kowa a garin nan ya sani sai ni. Ashe ba rufe shago ya yi don kansa kawai ba, aikin ne ya daina zuwa.

Da na dawo na same shi a tsugune yana auna ƙarfe. Na jira ya shigo cin abinci, na rufe ƙofa, na gaya masa abin da na ji. Na yi zaton zai yi faɗa ko ya musa. Sai ya ce gaskiya ne, shi ya liƙe ƙarfen. Ya ce motar ta kwanta a kan cikinta, babu mai iya leƙa ƙarƙashinta a inda take, in kuma 'yan gwangwan suka sa mata wuta shi ke nan, har ya mutu ba zai sani ba. Ya ce, "Sakina, so nake in gani da idona. In waldata ce, in san ita ce." Na ce to in ka gani fa, me zai dawo? 

Tun daga nan na fara kallon aikin da wani ido. Ina leƙawa ta zaure in babu maza. Ya shimfiɗa dogayen sandunan biyu, ya gitta gajeru a tsakani kamar tsani, ya ɗaure sifirin da aksul a ƙasa, ya jera katako a sama ya ɗaure da noti. A baya ya yi faifan ƙarfe biyu da motar za ta hau ta kansu, a gaba kuma dogon wuya mai ƙugiya da za a maƙala a motar da za ta ja. Aikin da na san zai gama a mako guda shi ne ya ci wata. Duk mahaɗar da ya liƙe sai ya ɗauki guduma ya yi ta dukanta, ya kara kunne, in bai gamsu ba ya gurje ya sake. Akwai wadda na ga ya sake har na daina ƙirgawa. Wani lokaci yana cire gilashin don ya ga bakin waldar da kyau, ga idanunsa nan sun yi jawur suna zubar ruwa, da safe sai na jiƙa tsumma na ɗora masa kafin su buɗu.

Shekaranjiya ya ce zai gwada ta. Ya cika buhuna da yashi, ya ari bulo a wurin masu gini, aka yi ta lodawa don a kai nauyin mota. Mutane suka taru, wasu don taimako, wasu don kallo, kin san garinmu. Ina tsaye a bayan ƙyauren zaure. Aka ɗaura shanun Baffa a wuyan tirelar, suka ja. Ta tafi sumul har bakin masallaci. A wurin juyowa ƙafar hagu ta faɗa wani ɗan rami, sai muka ji ƙas! Wuyan ya tsage daidai inda ya haɗu da jikin, gaban ya dafe ƙasa, bulo ya zube.

Babu wanda ya ji ciwo.  Na ga wani ya dubi na kusa da shi ya girgiza kai. Abban Rumaisa ya tsaya yana kallon tsagewar, ya sa yatsa ya shafa ta, ya wuce ta gabana ya shiga ɗaki. Har yanzu da nake rubutun nan salla kaɗai ke fito da shi, ita ma a tsakar gida yake yi, ya daina zuwa jam'i.

Yaya, ina tsoro. Ban san na me ba. Ki sa mu a addu'a, ki roƙi Malam ma ya sa mu.

Ƙanwarki,
Sakinatu.

*

Kukar Dabo,
Ranar Juma'a.

Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kun wuni lafiya, ya sanyin da ya fara sauka? Na gode da kiran da kika yi, ki yafe mini da na yi ta amsa miki da "lafiya lau", Inna na zaune a kusa.

Abubuwa sun faru. Bayan tsagewar nan Baffa Sani ya zo har ɗaki ya sami Abban Rumaisa. Ya yi masa faɗa sosai, ya ce ya isa haka, ya mayar da gidan makoki gidan kallo, Allah ya nuna masa ishara a gaban jama'a amma ba ya gani. Ya ce ya riga ya yi magana da 'yan gwangwan, mako mai zuwa za su je Watari. Abban Rumaisa ya ce, cikin ladabi, a ƙara masa lokaci. Baffa ya ce ba nasa ba ne lokacin, na mai gona ne.

Sai Inna ta shigo maganar, kuma ta shigo da nauyi. Ta kira shi ɗakinta, ina jin su ta kan katanga. Ta ce in ya sake taɓa ƙarfen nan, in ya taka ƙafarsa zuwa Watari, ba da yawunta ba. Kin san abin da wannan kalma take a wurin ɗa. Ya fito kamar wanda aka zare wa laka. Ni kaina na ji haushin Inna a ranar, Allah ya yafe mini. Na ce a raina wace irin uwa ce za ta ga ɗanta na narkewa ta ƙara masa dutse a ka.

Wadda ban zata ba ita ta warware. Luba, yarinyar da tun rasuwar muryarta ba ta wuce ƙofar ɗakinta. Na kai mata kunu da hantsi, ta riƙe hannuna ta ce in zauna. Ta ce duk abin da ake faɗa a gari ya zo kunnenta, masu zuwa gaisuwa ba sa iya riƙe baki. Ta ce ita ba ta son sanin komai game da ƙarfen nan, mijinta kwanansa ne ya ƙare. Amma ta ce tun da ƙarar injin ta tsaya ta kasa barci, domin da tana jin ƙarar ta san Yaya Naziru na tsaye da ƙafafunsa, yanzu kuwa gidan ya yi shiru irin na ranar da aka kawo gawa. Ta ce, "Anti, ba zan iya ganin an fitar da na biyu ba."

Ta yafa mayafinta ta tafi ɗakin Inna. Sun daɗe. Ban ji abin da suka ce ba, don ƙasa-ƙasa suka yi, sai kukan Inna da na jiyo sau ɗaya. Da la'asar Inna ta aiko Rumaisa ta kira babanta. Ta ce ta janye maganarta, ya je. Sharaɗinta ɗaya, motar ta tsaya a shagonsa na bakin titi, kada ta ga ko inuwarta.

Washegari ya fito da wuri. Ya yanke wurin da ya tsage ya kai wa Malam Tahir makanike, abokin marigayi babansu, suka duba tare. Ashe tsohon ƙarfen ne tsatsa ta cinye ta ciki, daga waje ba a gani. Na ce masa to ka ga ba hannunka ba ne. Ya ce hannun da ya zaɓi ƙarfen fa, na wane ne? Haka yake yanzu, duk ƙofar da ka buɗe masa sai ya rufe ta da kansa. Ya dai sayo sabon ƙarfe ya sake wuyan gaba ɗaya, ya ƙara masa tokara biyu ta gefe. An sake lodin yashi da bulo, har fiye da na farko, aka zagaya da ita bayan gari ta kan kunyoyi. Ta riƙe. Wannan karon masu kallo ba su da yawa.

Saura abin ja. Mai taraktar garin nan da ya yi alkawari ya aiko cewa ta lalace, alhali jiya na ji ta tana wucewa. Malam Tahir ne ya ce zai ja da tsohuwar a-kori-kurarsa, kuma shi zai tuƙa da kansa. Baffa ya dakatar da 'yan gwangwan, ba da son ransa ba, har yanzu ba ya amsa gaisuwar Abban Rumaisa da kyau.

Jibi za su tafi in Allah ya kai mu. Ina roƙon Allah su dawo lafiya, daga nan kuma sai bakina ya tsaya, don ban san me zan roƙa ya gani a ƙarƙashin motar ba.

Ki gaida kowa.

Sakinatu.

*

Kukar Dabo,
Ranar Asabar.

Yaya Ramlat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da jinkirin, na fara rubutawa na yaga har sau biyu.

Sun je sun dawo lafiya. Yadda Abban Rumaisa ya ba ni labari, manoman Watari sun yi musu karamci. Malam Mika'ilu ya tara maƙwabtansa, aka haƙe lakar da ta bushe a gaban motar, aka sa shanu biyu suka jawo ta baya zuwa wuri mai tauri. Tirelar ta shiga hanyar gonakin kamar don ita aka yi. Suka ɗaura sarƙar nan da makanikai ke ɗaga inji da ita, ana ja kaɗan-kaɗan, maza na turawa, har ta hau. Ya ce dattijon ya kama hannunsa ya nuna masa inda suka kwantar da Munir a gindin wata giginya, ya ce da kalmar shahada ya cika, shi da kansa ya ji. Wannan bai taɓa zuwa kunnenmu ba sai ranar.

Tafiyar da mota ke yi a ɗan lokaci ita ta ci musu wuni, don a hankali suka taho, kuma duk bayan 'yar tafiya sai ya sa an tsaya ya sauka ya duba mahaɗai. Bayan la'asar suka shigo gari. Na fita har bakin titi, ban damu da wa zai gan ni ba. Yaya, ganin motar nan ba daɗi. Gilashin gaba babu, rufin ya lotse, ga busassun ganyen masara har yanzu a kujerar baya. Mutane suka yi cirko-cirko, wasu na salati.

Bai ko sha ruwa ba. A kan tirelar suka ɗaga gaban motar da jak, ya kwanta ya shiga ƙarƙashi, Malam Tahir na tsugune a gefensa. Ya daɗe a ciki. Da ya fito, guntayen ƙarfe biyu ne a hannunsa.

Ya karye, Yaya. Kuma a kan waldar ya karye.

Malam Tahir ya karɓa ya jujjuya su, ya faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji, cewa motar da ta faɗo daga wannan gaɓa ko sabon ƙarfe ne a jikinta sai ya karye, ga na ɗaya gefen nan da ba a taɓa liƙewa ba shi ma ya tsinke. Ko karyewar ce ta jawo faɗuwar, ko faɗuwar ce ta jawo karyewar, ya ce shekarunsa a ƙarƙashin mota ba su isa su gaya masa ba, duk wanda kuma ya ce ya sani ƙarya yake. Wasu suka gyaɗa kai. Wasu na ga abin da suka zo gani sun gani.

Wata biyu yana ƙona idonsa don ya sami amsa ɗaya, i ko a'a, ya dawo da wadda ba ko ɗaya ba.

Ya taho gida da guntayen, ya wuce kai tsaye ɗakin Inna, na bi shi na tsaya a bakin ƙofa. Ya durƙusa ya ajiye su a gabanta, ya ce, "Inna, a kan aikina ya karye. Ki yafe mini." Inna ba ta dubi ƙarfen ba. Ta ce ya ɗago ya dube ta. Ta ce, "Ranar da Munir ya kawo maka ƙarfen nan ina zaune a zaure ina tsinkar zogale. Na ji ka ce masa ba a liƙe irin wannan, ya je ya sayi sabo. Na ji ya ce masara ba ta jira, ka yi masa na kwana biyu. Ka ƙi. Wa ya ce maka haba Naziru, taimaki ƙaninka mana? Ka manta ne, ko kana so ka ɗauke mini nawa ka haɗa da naka?"

Bai manta ba, Yaya. Daga baya ya gaya mini. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, har ni, ya bar gari na cin namansa shi kaɗai. Ita kuma duk tsawon lokacin nan da take hana a kawo motar, tsoron abin da za a gani take, kamar shi. Ni da na yi ta jin haushinta, kunya ta rufe ni.

Suka yi kuka su biyu, irin wanda ba su yi ba ranar rasuwar. Na ja musu ƙofa na koma sashena. Ranar a ɗakinta ya ci tuwo, kwano ɗaya, ya kuma ci da yawa.

Kada ki ɗauka komai ya warware. Ya koma jam'i, yana zama a shago, amma bai kunna injin walda ba tun ranar, babu kuma wanda ya kawo aiki. Yakan zauna kan benci ya yi ta kallon titi. An sayar da motar, an ajiye wa Jamil abin da ta kawo. Tirelar na nan a gefen shagon, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

A gaida Malam. Yanzu kina iya gaya wa Baba, amma a hankali.

Taki,
Sakinatu.

*

Kukar Dabo,
Ranar Asabar.

Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya gida, ya hutun makaranta? Wannan gajeriya ce, direban ya ce da sassafe zai wuce.

Luba ta fita takaba ranar Talata. Mahaifinta ya zo daga Zakirai, aka zauna da Baffa, aka yanke za ta koma gida da Jamil tunda bai isa rabuwa da ita ba. Mun san haka za a yi, amma da aka fara kwance gadonta sai da na shiga bayan ɗaki na share hawaye. Shekara uku muna girki a murhu ɗaya, ko sau ɗaya ba mu ɗaga wa juna murya ba.

Mahaifinta ya ce zai aiko motar haya ta kwashi kaya. Sai ta ce, a gaban Baffa da matan da suka zo sallama, ita a tirelar Yaya Naziru take so a kai mata kayanta. Wata daga cikin matan ta ce mata ƙasa-ƙasa, ke kuwa ki rufa wa kanki asiri, hanyar Zakirai da nisa. Ta ce ta sani.

Aka gaya wa Abban Rumaisa. Ya tafi shago, can sai muka jiyo janareta ta tashi. Shinge ya yi wa tirelar ta gefe da gefe don kada kaya su zame, kafin azahar ya gama. Alhamis da hantsi Malam Tahir ya kawo a-kori-kurarsa ƙofar gida. Aka ɗora gado da katifa da kabad da kwallaye, Abban Rumaisa ya ɗaɗɗaure da kansa, Baffa na riƙe masa bakin igiya. An ce Luba ta bi bas daga baya ita da ƙanwarta. Ta ce a'a. Ta durƙusa ta yi wa Inna sallama, ta goya Jamil, ta fito a gaban duk wanda ke tsaye a layin nan ta shiga gaban motar ta zauna.

Har ta tafi ba ta tambayi kowa abin da aka gani a ƙarƙashin motar mijinta ba.

Inna ta rako su har ƙofar zaure, ta tsaya tana kallo har suka sha kwanar masallaci. Da magariba Abban Rumaisa ya dawo daga rakiyarsu, ya ce sun sauka lafiya, ko kofi bai fashe ba. Ɗakin Luba na nan a buɗe, an share. Inna ta ce a bar shi haka tukuna.

Ki zo mana in kin sami sarari, Yaya, ina son ganinki. Ki gaida Malam da Halimatu da sauran yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Sakinatu.